Bijimin Kaduna: Rashidi Yekini da Ƙwallon Masaƙar Kakuri



Duk wanda ya ba shekara arba'in baya a ƙasar nan, ko da ƙwallo ba ta dame shi ba, ya san hoton nan: wani dogon mutum mai lamba 9 a riga ya shige cikin raga, ya damƙe ta da hannu biyu yana girgizawa, baki buɗe, ba ka iya cewa ihu yake ko kuka. Ranar 21 ga Yuni 1994 ke nan, a birnin Dalas na Amurka, minti na 21 da fara wasa tsakanin Najeriya da Bulgeriya. Finidi George ya turo ƙwallo daga dama, Rashidi Yekini ya tura ta cikin raga, ta zama ƙwallo ta farko da Najeriya ta taɓa ci a gasar cin kofin duniya.

Na sha karanta tarihin wannan bawan Allah a jaridu da intanet, kuma kusan kullum abu ɗaya nake tararwa. Marubucin zai ce an haife shi a Kaduna, ya fara wasa a UNTL, daga nan sai ya yi tsalle ya dira a Ibadan, ya wuce Abijan, ya wuce Fotugal, don ya yi sauri ya isa wurin ragar nan ta Dalas. UNTL ba ta samun ko da cikakken layi ɗaya. Ni kuwa a ganina rabin layin nan shi ne ƙashin bayan labarin. Mu marubuta muna da wannan ciwo na son fara tarihin mutum daga ranar da duniya ta san shi, alhali ranar nan sakamako ce kawai. Saboda haka yau ina so mu ƙetare gada zuwa kudancin kogin Kaduna, mu ɗan daɗe a can kafin mu bi shi yawon duniya.

UNTL ba sunan gari ba ne, ba kuma sunan wani attajiri ba. Kamfanin saƙa ne a Kakuri. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya rabu gida biyu ta fuskar aiki: ofisoshin gwamnati, barikin soja da gidajen manya suna arewacin kogi, babbar tashar jirgin ƙasa kuma tana kudu, inda layin da ya taso daga Legas yake haɗuwa da wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan. Inda jirgi yake tsayawa nan kaya suke sauka, nan kuma masana'antu suke kafuwa. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, da haɗin guiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Hikimar a fili take: audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau da a da ake lodawa zuwa Ingila, a dawo mana da ita a matsayin yadi mu saya da tsada, yanzu a saƙa ta a gida. Cikin 'yan shekaru Nortex ta biyo baya, sai Arewa Textiles da 'yan Jafan suka shigo cikinta, sai UNTL wadda Cha Chi Ming, wani ɗan kasuwa daga Hong Kong, ya kafa a 1964. A wannan yanki ne kuma aka kafa masana'antar makamai ta DIC, daga baya a 1975 kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki.

Dubban mutane ne suke shiga waɗannan ƙofofi kullum, aikin safe, aikin rana da aikin kwana, injuna ba sa hutawa. Idan jiniya ta kaɗa a lokacin canjin aiki, titin Kachia da lungunan Kakuri da Makera da Nasarawa sai su cika da kekuna. Kuma mutanen daga ko'ina suke: Bahaushe, Bajju, Atyap, Gbagyi, Tibi, Idoma, Igala, Nufawa, Yarabawa, Inyamurai, mutanen Bendel. Adams Oshiomhole, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa ya kuma yi gwamnan Edo, a Arewa Textiles ya fara aiki, a nan ya koyi gwagwarmayar ma'aikata. Harshen da ya haɗa wannan taron kuwa Hausa ce, irin Hausar Kaduna wadda Bakano yake yi wa dariya, amma ita ce ake ciniki da faɗa da neman aure da ita.

A cikin wannan gari aka haifi Rashidi Yekini ranar 23 ga Oktoba 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi daga garin Ira, kusa da Offa, a inda yanzu ake kira jihar Kwara. Kada mu manta, a shekarar da aka haife shi babu jihar Kwara, sai a 1967 aka ƙirƙiro ta. Lardin Ilorin yana cikin Jihar Arewa, Kaduna kuwa ita ce babban birninsu. Wato a lissafin wancan zamani ɗan Arewa ne ta wajen asali da ta wajen haihuwa. Masu ba da tarihinsa sun nuna ya rasa mahaifinsa tun yana yaro, ya kuma taɓa koyon walda da kanikanci don neman abin kai wa baka. Yaro irin wannan, wanda bai yi zurfi a boko ba, ba shi da ɗan uwa a ma'aikatar wasanni, ta wace ƙofa zai shiga ƙwallon ƙasa?

Amsar ita ce kulob ɗin kamfani. Kafin a fara gasar ƙwararru a Najeriya a 1990, ƙwallo a hukumance ba sana'a ba ce. Kulob-kulob da yawa na kamfanoni ne da ma'aikatu: Stationery Stores da NEPA da ACB da Julius Berger a Legas, Leventis United a Ibadan, New Nigerian Bank a Benin, BCC Lions ta kamfanin siminti a Gboko. Yadda abin yake tafiya a galibinsu, kamfani zai ɗauki yaro mai ƙafa a matsayin ma'aikaci, sunansa ya shiga takardar albashi, a ba shi ɗan aiki mara nauyi, da yamma ya tafi fili atisaye. Kamfani ya samu talla da abin da zai haɗa kan ma'aikatansa ranar Asabar, yaro kuma ya samu albashin ƙarshen wata, takalmi, koci, da motar da za ta kai shi wasa wani gari inda wasu idanu za su gan shi. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci. Yaran da suka iya ƙwallo a filayen firamare na Kaduna ba su ƙirguwa, abin da ya yi musu ƙaranci shi ne wanda zai gan su.

A Kaduna, kulob ɗin DIC Bees na masana'antar makamai shi ne daga baya Alhaji Muktar Aruwa ya karɓa ya zama Ranchers Bees, wanda ya kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ya ci kofin WAFU na Afirka ta Yamma a 1989, ya kuma fito da Daniel Amokachi. UNTL ba ta kai wannan matsayi ba. Ƙaramin kulob ne na 'yan masaƙa. A nan Yekini ya buga a farkon shekarun 1980, yana ɗan shekara 18 zuwa 19, kuma daga nan IICC Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi a 1982.

A nan zan ɗan ratse zuwa Amurka, domin akwai wani ɗan Najeriya, sa'an Yekini, da labarinsa yake haska wannan batu na ƙaramar ƙofa fiye da duk wani bayani da zan yi.

Amurkawa suna da wata ƙwallo tasu mai siffar ƙwai wadda aka fi ɗauka da hannu. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, filin yadi 100 ne, kuma ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, in ta kasa ta miƙa ƙwallo. E, yadi dai, irin wanda ake auna atamfa da shi. A cikin 'yan wasan akwai wanda aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallo, ya rungume ta a ƙirji, ya sa kai cikin gungun ƙattai da suke jiran su kayar da shi. Ana auna darajarsa da yawan yadin da ya ci kafin a kai shi ƙasa. Aiki ne mai cin jiki, shi ya sa masu yin sa ba sa daɗewa. A can babu kulob ɗin kamfani, jami'o'i ne suke renon 'yan wasa, sannan ƙungiyoyin babbar gasar NFL su zo su zaɓa duk shekara. Manyan jami'o'i suna da filayen da suke ɗaukar mutum dubu tamanin ko fiye, ana nuna wasanninsu a talabijin. Ƙananan kwalejoji kuwa suna can a gefe, ba kasafai ake waiwayarsu ba.

A ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan, Azusa Pacific ta jihar Kalifoniya, Christian Okoye ya sauka a 1982. An haife shi a Inugu a 1961, kuma ba ƙwallo ta kai shi ba, jifan faifai ne, ta hanyar abokinsa ɗan tsere Innocent Egbunike wanda yake karatu a can. Burinsa ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta 1984 a Los Anjalis, sai aka fitar da jerin sunaye babu nasa. Cikin ɓacin rai ya koma ga wasan nan na Amurkawa, wanda bai taɓa bugawa ba sai yana da shekara 23. Babbar jami'a ba za ta ɓata lokacinta a kan mutumin da bai san dokokin wasa ba a wannan shekaru. Ƙaramar kwaleji ce take da haƙurin koya masa daga baƙi. A 1987 Kansas City Chiefs ta zaɓe shi a zagaye na biyu, mutum na 35 a duk ƙasar. A 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL, yadi 1,480, ya ɗara Barry Sanders da yadi 10 kacal. Nauyinsa ya haura kilo 110 amma yana gudu kamar ɗan tsere, har suka yi masa laƙabi da abin da za mu fassara da mugun mafarki daga Najeriya. Kaka shida ya yi, guiwa ta gaza, ya ajiye bayan kakar 1992.

Abin da Azusa Pacific ta yi wa Okoye shi UNTL ta yi wa Yekini. Dukansu ba su bi babbar hanya ba. Dukansu ƙarfi da gudu ne jarinsu, ba kwalliyar wasa ba. Kuma dukansu sun isa babban fage a makare.

Mu koma Ibadan. Shooting Stars a wancan lokaci ba ƙaramin kulob ba ne, shi ne ya fara ciyo wa Najeriya kofin nahiyar Afirka na kulob-kulob a 1976, kuma Segun Odegbami yana cikinsa. A 1984 suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, Zamalek ta Masar ta doke su gida da waje. A shekarar ce kuma koci Adegboye Onigbinde ya tafi da Yekini gasar cin kofin Afirka a Kwaddebuwa, inda Kamaru ta doke Najeriya 3 da 1 a wasan ƙarshe. Daga Ibadan ya koma Abiola Babes ta Abekuta, kulob ɗin Cif Mashood Abiola, wanda ya ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1985 da 1987.

Tafiyarsa Abijan a 1987 tana buƙatar ɗan bayani, domin matashin yau zai yi mamakin yadda ɗan wasan Najeriya zai bar gida ya tafi Kwaddebuwa neman arziki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Kuɗin sefa kuwa a lokacin a ɗaure yake da faran na Faransa, kuma masu farautar 'yan wasa daga Faransa da Beljiyam sun fi leƙa Abijan fiye da Legas. Stephen Keshi ya riga ya bi wannan hanya ya wuce Beljiyam. Yekini ya shiga Africa Sports, ya yi shekara uku yana zura ƙwallaye, kuma jaridun da suke rubutu da Faransanci suka laƙaba masa sunan da na ɗauko na sa a kan wannan rubutu: Bijimin Kaduna. Abin lura, ba su ce bijimin Ibadan ba, ba su ce na Ira ba. Kuma wannan SAP ɗin da ta tura shi waje ita ce ta fara karya masaƙun da suka rene shi, domin kayan gyaran injuna da sinadaran rini daga waje ake sayo su, da dala.

Sai a 1990, yana gab da cika shekara 27, ya shiga Turai. Kuma ba wani babban kulob ba ne ya ɗauke shi, Vitória ce ta Setubal, wani garin masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa a kudu da Lisbon. Kulob ɗin ma ya faɗa rukuni na biyu yana can. Wani zai tattara kayansa ya nemi wani wuri, shi kuwa ya zauna. A kakar 1992/93 ya ci ƙwallo 34 a rukuni na biyu, suka dawo sama. A kakar 1993/94 ya ci 21 a rukuni na ɗaya, ya fi kowa a duk Fotugal, a gasar da Benfica da Porto da Sporting suke da 'yan gaba masu tsada. A cikin shekara huɗu ya ci wa Setubal wajen ƙwallo 90. A 1993 hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, ɗan Najeriya na farko da ta ba wannan kambu.

Salon wasansa ba mai wahalar bayani ba ne, tsayar da shi ne mai wahala. Ba ya yawan yanka, ba ya wasa da 'yan kallo. Yana tsayawa a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, da zarar an jefo doguwar ƙwallo sai ya buɗe dogayen ƙafafun nan, ɗan baya ya rataya a jikinsa ya kasa kayar da shi, sannan ya saki wata irin harbi da gola yake jin ta a tafin hannu har washegari. Yana zubar da damammaki, wannan gaskiya ne, kuma 'yan kallon Legas sun sha yi masa ihu a kai. Amma wanda yake samun dama shida a wasa ya ci biyu ya fi wanda yake jiran guda ɗaya mai kyau.

A tawagar ƙasa an daɗe ana shan wuya kafin a sha daɗi. An kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a Maroko a 1988, Kamaru ta sake yin nasara da ci 1 da nema. An kai a Aljeriya a 1990, masu masauki suka ci 1 da nema. A Senegal a 1992 aka zo na uku, Yekini ya fi kowa da ƙwallo 4. Sai a Tunisiya a 1994, ƙarƙashin Clemens Westerhof, abin ya faɗa: biyu a ragar Gabon, biyu a ragar Zayar, ɗaya a ragar Kwaddebuwa a wasan kusa da ƙarshe, sannan ya buga fenaretin da ya kai Najeriya wasan ƙarshe. Ranar 10 ga Afrilu aka doke Zambiya 2 da 1, Emmanuel Amunike ya ci duka biyun, Yekini ya tashi da takalmin zinare da kambun gwarzon gasa. Jimillar ƙwallayensa a gasar Afirka 13, saura ɗaya ya kamo Laurent Pokou na Kwaddebuwa wanda yake riƙe da tarihi a lokacin da 14. Bai sake samun damar ba. Gwamnatin Janar Abacha ta hana tawagar zuwa Afirka ta Kudu a 1996, bayan cacar bakin da ta biyo rataye Ken Saro-Wiwa, CAF kuma ta hukunta Najeriya da hana ta shiga ta 1998.

Wata biyu da 'yan kwanaki bayan Tunis sai ga Dalas. Filin da aka buga wasan sunansa Cotton Bowl, an gina shi ne don ƙwallon nan ta Amurkawa, kuma auduga ce a cikin sunan, domin jihar Tekzas ƙasar auduga ce. A filin ne ma ƙungiyar da Okoye ya buga wa ta fara rayuwarta a 1960, kafin ta ƙaura zuwa Kansas City a 1963. Ban kawo wannan don in ce akwai wani sirri a ciki ba, dacewa ce kawai, amma ina jin daɗin tunanin cewa yaron kulob ɗin masaƙa a filin auduga ya ci ƙwallon da ta fi kowace a tarihinsa. A wasan aka tashi 3 da nema, kuma ta biyun Amokachi ne ya ci. Wato ƙwallaye biyu na farko da Najeriya ta ci a kofin duniya 'ya'yan Kaduna ne suka ci su, ɗaya daga UNTL, ɗaya daga Ranchers Bees, duka kulob-kulob masu tushe a masana'antun Kakuri.

Bai sake ci a gasar ba. Ajantina ta doke mu 2 da 1, muka doke Girka 2 da nema, sannan Roberto Baggio ya fitar da mu a zagaye na biyu bayan muna gaba har saura minti biyu a tashi. Har gobe a majalisun 'yan ƙwallo ana gardama cewa wasu abokan wasansa sun daina ba shi ƙwallo saboda hassada. Ni dai ina ɗaukar wannan zance da taka-tsantsan. Mutumin da ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 37 ba shi kaɗai ya ba kansa su ba, kuma bayan wasan Bulgeriya kowane koci a duniya ya san wanda zai sa a tsare. Abin da ba a gardama a kai shi ne Yekini ba mutumin shiga taro ba ne. Ba shi da ɓangare a cikin tawagar, ba ya yawan magana da 'yan jarida, kuma a ƙasar da ake samun abu ta hanyar sanayya, irin wannan hali yana da tsada.

Daga nan tafiyar ta fara gangara. Olympiacos ta Girka ta saye shi, zaman bai yi daɗi ba, ga rauni. Ya je Sporting Gijon ta Sifaniya, ya koma Setubal na ɗan lokaci, ya farfaɗo a Zurich ta Suwizalan har aka tafi da shi kofin duniya na 1998 a Faransa. A wasan da aka doke Sifaniya 3 da 2 daga benci ya shigo, kuma Garba Lawal, wani ɗan Kadunan, shi ya buga ƙwallon da gola Zubizarreta ya tura cikin ragarsa. Ƙwallo ɗaya tilo da muka ci Denmak a wasan da ta fitar da mu kuwa Tijjani Babangida ne ya ci, shi ma haifaffen Kaduna. Idan aka haɗa da Celestine Babayaro, za a ga irin rabon da gari ɗaya ya samu a wannan tawaga. Bayan Faransa Yekini ya buga wa Bizerte ta Tunisiya, kulob ɗin da ya hana Ranchers Bees kofi shekara goma kafin nan, ya leƙa Al-Shabab ta Saudiyya, ya koma Africa Sports, sannan ya dawo gida ya shiga Julius Berger, wani kulob ɗin kamfani kamar inda ya fara. A 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi ya buga wa Gateway ta Abekuta.

A daidai waɗannan shekaru Kakuri ma tana gangarawa. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar injuna da shi ya yi tsada ya yi wuya, aka sassauta hana shigo da yadi a 1997, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwannin Kantin Kwari da Kasuwar Barci, wata ta halal wata ta fasa-ƙwauri ta kan iyakar Nijar da Benin. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta biyo baya, UNTL ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida, da yawansu suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. An sake buɗe UNTL a 2010 da tallafin gwamnati, amma ba ta koma yadda take ba. Kamfanin da ya kasa biyan masaƙa ba zai ɗauki nauyin 'yan ƙwallo ba.

Ga kuma abin da ya fi wannan ciwo. Rikicin 2000 da na 2002 sun sa kogin da a da ya raba ofis da masana'anta ya koma raba mutane ta addini. Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudu suka ƙetara, Kiristoci da yawa suka bar na arewa suka gangaro. Tsofaffin da suka yi aiki a inji ɗaya, suka zauna a benci ɗaya suna kallon kulob ɗin masaƙarsu, yau wani yana Rigasa wani yana Sabon Tasha, sai dai su haɗu a wurin bin kuɗin sallama. Duk marubucin da yake son ya rubuta wannan zamani da bakin waɗanda suka rayu a cikinsa dole ya hau gada sau da yawa, kuma mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura sittin.

Yaran Kaduna ba su daina ƙwallo ba. Abin da ya canza shi ne ƙofar. A maimakon kamfanin da zai ba yaro albashi yana koyo, yanzu makarantun horar da ƙwallo ne da dillalai, wasu na gaskiya, wasu kuma iyaye ne suke biyansu, wani lokaci har a sayar da fili a kai yaro gwaji wata ƙasa ya maƙale a can. A Amurka ma ƙananan kwalejoji suna jin jiki: a ƙarshen 2020 Azusa Pacific ta sanar da rufe shirinta na ƙwallon da ta koya wa Okoye.

Yekini ya ƙare rayuwarsa a Ibadan, shi kaɗai a gidansa, ba ya karɓar baƙi sosai, ya ƙi yawancin gayyatar bukukuwa da muƙaman da tsofaffin 'yan wasa suke rububi. Mutanen garin sun saba ganinsa yana zuwa filin wasa yana atisaye kamar mai shirin wasa ranar Asabar. A shekarunsa na ƙarshe jaridu suka yi ta rubutu a kan lafiyar ƙwaƙwalwarsa, wasu na kusa da shi suka musanta, kuma a watan Afrilu 2012 danginsa suka ɗauke shi daga gidan da sunan nema masa magani. Ranar Juma'a 4 ga Mayu 2012 aka sanar da rasuwarsa yana da shekara 48. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Daga baya jihar Kwara ta sa sunansa a babban filin wasa na Ilorin. An binne shi ne a Ira, garin iyayensa, 'yan kilomitoci daga tashar jirgin ƙasa ta Offa, a kan layin da yake wucewa Jebba da Minna ya sauke fasinja a kudancin kogin Kaduna.